Gurbi Nawa Ne a Cikin "Tsafe"?

Kafin mu shiga zancen wannan mako, ga tambaya. Idan aka zana muku gurabe irin na gidan dara, aka ce ku rubuta sunan garin Tsafe, kowane harafi da gurbinsa, gurbi nawa za ku cike? Wanda ya ce biyar ya ɗaga hannu. Wanda ya ce huɗu shi ma ya ɗaga. To, kowa ya riƙe amsarsa. Wannan 'yar tambaya ta taɓa sa tuwon dare ya huce a gabanmu a gidanmu da ke Gusau, kuma daga kanta ne muka koyi wasu abubuwa game da fim da wasa ƙwaƙwalwa da dariya waɗanda har yau da muke jami'a suna mana amfani.

Lokacin da waya ta koma tocila

Manyan cikinku za su tuna watan Satumba na 2021. A farkon watan ne gwamnatin Zamfara ta rufe makarantu bayan an sace ɗalibai a garin Kaya da ke ƙaramar hukumar Maradun. Ba a yi kwana nawa ba aka katse layukan sadarwa a faɗin jihar, aka kuma dakatar da kasuwannin mako-mako. Gusau ta yi kusan wata guda ba sabis, sauran garuruwa kuwa sun fi haka daɗewa. Mu a lokacin muna aji huɗu na sakandare. Ba makaranta, ba WhatsApp, ba YouTube. Wayar da muke ji da ita ta koma tocila da agogo.

Gidanmu kuma ya cika. Taubasanmu na Bungudu da suka zo kwana biyu sun zauna sai abin da hali ya yi. Ga kuma iyalin wani baffanmu daga wani ƙauye can bayan Tsafe, waɗanda suka baro gero ya nuna a gona saboda rashin tsaro. A cikinsu akwai sa'anmu, yaro mai kunya wanda bai cika magana ba. Ku riƙe shi a rai, za mu dawo kansa.

Abin da ya rage mana na nishaɗi shi ne finafinan da ke cikin memori. Mai tura fim na bakin kasuwa shi ma ba shi da sabo, tun da ba intanet ɗin da zai sauke. Finafinai goma sha biyu muke da su, rabi na Hausa, rabi Indiya-Hausa. Idan an kawo wuta a yi caji, a kalla. Gobe ma a sake. Kafin mako biyu mun haddace su har muna riga jarumi faɗin maganarsa.

Dokokin da ba a rubuta ba

Wanda ya kalli fim ɗaya sau bakwai zai fara ganin abin da mai kallo ɗaya ba ya gani. Muka ɗauki littafin lissafi da ya rage shafuka muka fara rubuta abin da muka kira dokokin fim.

A fim ɗin Indiya, jarumi zai doke ƙarti ashirin amma gashin kansa ba zai motsa ba. Ƙartin nan kuma masu ladabi ne, ba sa taruwa su rufe shi, layi suke bi ɗaya bayan ɗaya kamar masu karɓar katin jarrabawa. 'Yan sanda ba sa isowa sai an gama faɗa. Bos idan ya kama jarumi ba ya gamawa da shi nan take, sai ya tsaya ya karanta masa tarihin duk sharrin da ya ƙulla, har taimako ya iso.

A namu na Hausa kuwa, duk Alhajin da aka kawo wa mummunan labari sai ya dafe ƙirji ya zube a kan kujera. Likita idan ya fito ya cire tabarau, to a fara salati. Wanda ya laɓe a bayan ƙofa yana jin komai tar, amma wanda ke cikin ɗakin ba ya ganin ƙafafunsa a ƙarƙashin labule. Kuma daidai lokacin da za a tona asiri sai a rubuto cewa a tara a kashi na gaba.

Kada ku ɗauka raina sana'ar mutane muke. Masana'antar da ta faro a Kano da Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990, yau ta kai ga shirye-shirye masu dogon zango irin su Daɗin Kowa da Kwana Casa'in da Labarina da Izzar So, kuma jama'a da dama ke cin abinci a cikinta. Dariyar da muke yi irin wadda ake yi wa ɗan gida ce. Abin da muka gano shi ne kowane labari yana da ƙira, kamar yadda ɗinki yake da yanka. Idan ka gane ƙirar, ka daina zama wanda ake ja da akala, ka koma mai kallo da idon basira. Wannan ido shi ne malamin adabi yake nema a wurinku idan ya ce ku fito da jigo da zubi da tsarin littafi.

Masu fassara finafinan Indiya, irin su Algaita, su ma sun koya mana wani abu. Baƙin jarumi yana motsi na daƙiƙa uku, dole mai fassara ya nemo maganar Hausa da za ta shiga cikin daƙiƙa ukun nan, ta ba da ma'ana, ta kuma ba da dariya. Wato kalma ce ake nema mai daidai tsawon wurin da aka tanada. Ashe ba mu sani ba, wasan da za mu faɗa ciki ke nan.

Takardar ƙosai

Wata safiya aka aiko mu sayen ƙosai, aka ƙunso mana shi a yagaggen shafin tsohuwar jaridar Turanci. A jikin takardar, duk da maiƙo, akwai zanen gurabe farare da baƙaƙe, da jerin tambayoyi a ƙasa. Shi ne wasan cike gurbi, wanda Turawa ke kira crossword. Kowace tambaya amsarta kalma ce, wasu a rubuta su a kwance, wasu a tsaye, kuma inda kalma biyu suka gitta juna dole su yi tarayya a harafi ɗaya. Mu shida muka taru a kansa har azahar, kalma uku kacal muka samu, ɗaya ma daga baya muka gane kuskure ce.

Taubashinmu na Bungudu ya ce, "To wai dole sai da Turanci? Mu yi namu mana."

Ya ja layuka da rula, ya fara da garinsu, don kowa ya san ɗan Bungudu ba ya bari a riga shi. Ya rubuta BUNGUDU a kwance, gurbi bakwai. Muka ce ai babban birnin jiha ba ya zama a baya, muka rataya GUSAU a tsaye daga harafin G. Saura Tsafe. Muka ce ta gitta Gusau a kan harafin S, ta ci gurbi biyar. Nan wata yayarmu da ke shirin rubuta jarrabawar fita ta ce ba ta yarda ba, ai "ts" baƙi ɗaya ne a Hausa, don haka gurbi huɗu ne, kuma sai dai ta gitta a kan A.

Gardama ta kaure. Aka kawo tuwo ba wanda ya kalle shi. Kaka ta leƙo daga ɗakinta ta ce, "Kai ɗiyan ga, tun da sahe kuna bisa takarda guda, mi kunka samu ciki?"

Da gari ya waye muka kai ƙara wurin maƙwabcinmu, tsohon malamin Hausa da ya yi ritaya. Muka durƙusa muka gaishe shi, muka ce, "Malam, shari'a muka kawo." Ya duba takardar ya yi murmushi ya ce, "'Ya'yana, duk kun yi daidai, duk kun yi kuskure. Sauti ɗaya ne, amma da harafi biyu ake rubuta shi, kamar sh da ky da gw da ƙw. Shi ya sa ake ce musu baƙaƙe masu goyo. Kuskurenku shi ne ba ku yanke doka ba kafin ku fara wasa. Mai zana wasa shi ke faɗa tun a sama ko mai goyo zai ci gurbi ɗaya ko biyu." Ya ƙara mana da cewa Turawan mulkin mallaka ma sun sha wahala da sunan garin, shi ya sa a tsofaffin takardu za ku ga an rubuta Chafe.

Kafin mu tashi ya ja mana kunne a kan lanƙwasa. K da Ƙ ba za su zauna gurbi ɗaya ba, haka D da Ɗ, haka B da Ɓ. Wanda ya rubuta cewa kura ta shiga masa ido, to sai a tambaye shi yadda aka yi ya tsira da ransa.

Wasan yara da ya tayar da hankalin sojoji

Daga baya da sabis ya dawo muka bi sawun wasan. An fara buga shi ne ranar 21 ga Disamba 1913 a jaridar New York World ta Amurka. Wanda ya zana shi, Arthur Wynne, haifaffen Libaful ne ta Ingila.

Labarin da ya fi ba mu dariya ya faru ne a 1944, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu. Sojojin ƙawance suna shirin tsallakawa gaɓar Nomandi a Faransa, harin da aka kai ranar 6 ga Yuni, kuma sun raɗa wa wurare da shirye-shiryensu sunayen sirri irin su Utah da Omaha da Overlord. Kwatsam, makonni kafin harin, sai ga sunayen nan suna fitowa ɗaya bayan ɗaya a matsayin amsoshin wasan cike gurbi na jaridar Daily Telegraph. Jami'an leƙen asiri suka je suka titsiye mai zana wasan, Leonard Dawe, wanda shugaban wata makarantar sakandare ne. Ba a same shi da laifi ba. Bayan shekara 40 wani tsohon ɗalibinsa ya bayyana cewa malamin yakan ba su zanen su cike da kalmomin da suka ga dama, su kuwa yaran a bakin sojojin da ke sansani kusa da makarantar suke tsintar kalmomin. Ku duba fa, 'yan sakandare kamarku.

Ita dai wannan jarida ta shirya gasa a 1942 ta wanda zai warware wasan cikin ƙasa da minti 12, kuma hukumomin yaƙi suka tuntuɓi wasu daga cikin gwanayen don aikin warware saƙonnin sirri na Jamus. Fim ɗin The Imitation Game na 2014, a kan masanin lissafi Alan Turing, ya ɗauko wannan batu, sai dai ya ƙara masa gishiri kamar yadda fim ya saba. Shi ya sa ba a amsa tambayar tarihi da abin da aka gani a fim.

A gida Nijeriya ma wasa da kalmomi ya ɗaga tutarmu. A 2015 Wellington Jighere ya lashe gasar Scrabble ta duniya a birnin Perth na Ostareliya, kuma shi ne ɗan Afirka na farko da ya yi haka.

Da muka kwashe duk wannan muka gaya wa Kaka, ba ta ga abin mamaki ba. A wurinta kacici-kacici ne kawai aka sa wa rula. Kuma da gaskiyarta. "Shanuna dubu, maɗaurinsu ɗaya" da "Baba na ɗaka, gemu na waje" tambayoyi ne da ke ɓoye amsa a bayan kwatance, daidai da na jarida. Wanda ya kasa kuma sai ya ba da gari. A watan nan Kaka ta cinye Gusau da Tsafe da Bungudu da Kwatarkwashi har da dutsenta, sai da muka koma ba ta ƙauyuka.

Dariyar da ba ta yi daɗi ba

Yanzu mu koma kan ɗan baffanmu. Ranar da ya fara sa hannu a wasan, tambayar ita ce kishiyar "dawo", gurbi huɗu. Ya karɓi biro a hankali ya rubuta TAHI. Muka fashe da dariya. Wani ya kwaikwayi muryar baƙauyen fim, wani ya ce a kawo masa buhunsa da sandarsa. Shi bai ce komai ba. Ya ajiye biron ya fita zaure, kuma kwana uku bai sake zama inda muke ba.

Kaka ce ta kira mu. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce yaron da ya baro gidansu da gonarsu da tumakinsa, abin da ya fito da shi kaɗai shi ne bakin uwarsa, shi ne kuma muka taru muna yi wa dariya. Ta tambaye mu ita da take cewa "tahi" tun kafin a haifi iyayenmu, ko ita ma abin dariya ce. Ba wanda ya iya ɗaga kai.

Gaskiya ne a takardar jarrabawa "tafi" za ku rubuta, don daidaitacciyar Hausa ake nema, kuma wanda ya rubuta yadda yake furtawa zai rasa maki. Amma "tahi" da "mi" da "munka" ba gurɓatacciyar Hausa ba ce. Karin harshen yamma ne, na Sakkwato da Zamfara da Gobir, wanda manyan makaɗa irin su Alhaji Musa Ɗanƙwairo suka yi waƙoƙinsu da shi. Mu da muka tashi a Gusau ma da mun je Kano ana gane mu daga buɗe baki.

Bahaushe ya san barkwanci. Akwai wasan taubasai, akwai na jika da kaka, akwai na Kanawa da Zage-zagi, da na Fulani da Barebari, da na Gobirawa da Yarbawa. Sharaɗinsa shi ne kowa na da damar ramawa, kuma a tashi ana dariya tare. Marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a Disamba 2014, da marigayi Usman Baba Pategi Samanja, sau da yawa kansu suke mayarwa abin dariya don mai kallo ya hango wautarsa a jikinsu. Abin da muka yi wa ɗan'uwanmu ba shi cikin wannan. Mu biyar ne a kan mutum ɗaya da ba shi da bakin ramawa, kuma sunan wannan izgili.

A cikin finafinan da muka haddace akwai Taare Zameen Par na 2007, labarin yaron da haruffa ke rikice masa, kowa na ce masa daƙiƙi, har malamin zane da Aamir Khan ya fito a matsayinsa ya gano matsalarsa. Mun kalle shi har da share hawaye, amma ga namu a gida ba mu gane ba.

Muka je muka ba shi haƙuri, muka ce gobe shi zai zana wasa. Ya karɓi littafin bai ce uffan ba. Da safe ya miƙo mana shafi mai kalma goma. Kan hatsi mai ɗauke da ƙwaya, gurbi goma. Saniyar da ba ta taɓa haihuwa ba, gurbi bakwai. Noma na biyu bayan na fari, gurbi shida. Mu 'yan birni masu haddace finafinai muka yi ta cizon biro har la'asar. Zangarniya, karsana, maimai. Biyu kawai muka ci cikin goma. Ranar ce muka fara jin dariyarsa, kuma ya rama son ransa. Muka ba shi Gusau da duk unguwanninta, tun daga Sabon Gari har Tudun Wada.

A ajinku ma wataƙila akwai irinsa, wanda ya zo a tsakiyar zango daga wani ƙauye, yana zaune a kujerar baya ba ya magana. Ku ba shi biro.

Ku gwada naku

Ba a buƙatar data ko caji. Takarda da rula da fensir sun isa. Ku fara da doguwar kalma a kwance, ku rataya wasu a jikinta, ku baƙanta guraben da ba a amfani da su, sannan ku rubuta tambayoyi. Ku faɗi dokar baƙi mai goyo tun a sama. Idan gardama ta tashi a kan rubutun kalma, ku nemi ƙamus a ɗakin karatu, ko na Bargery na 1934 ko Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006. Wasan yana shiga kowane darasi. Mu da shi muka haddace sunayen sinadarai da manyan biranen Afirka ta Yamma, don kalmar da ka sha wuya kafin ka samo ba ta saurin ɓacewa. Sai dai a yi shi bayan an gama aikin gida. Haka fim ma.

Ga wancan zanen namu na farko ku ƙarasa. Ku ja gurbi bakwai a kwance, shida a tsaye. Kowane harafi da gurbinsa, har da mai goyo. BUNGUDU a layin farko, GUSAU a tsaye daga G, TSAFE a layi na uku ta gitta a kan S. Saura biyu:

A tsaye daga harafin B, gurbi 6: garin da gwamnan farar hula na farko a Zamfara yake riƙe da sarautar Yarimansa.

A kwance a layi na biyar, gurbi 6: yana da tozo, ana jan sa da akala. Ku kula da harafi na uku.

Ga kuma huɗu na ƙari. Kowace amsa gurbi 4 ce, kuma kalma ɗaya ce a rubuce mai ma'ana biyu a baki:

1. Ana zama a cikinsa, ana kuma tuƙa tuwo da shi.
2. Ana miya da ganyenta, jariri kuma da shi yake kiran uwarsa.
3. Launi ne, amma manomi na addu'ar kada ya gan shi da damina.
4. Ana rataya masa sarƙa, ana kuma shan ta kafin a ji daɗi.

Amsoshi na nan tafe mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu. Wanda ya zana nasa ya aiko wa editan wannan shafi tare da sunan makarantarsa da ajinsa. Wanda ya kasa kuwa ya tanadi garin da zai ba mu, amma ban da Kwatarkwashi, don har yanzu tana hannun Kaka.